Duwatsun Ado na Kufan Balan

Gaya, 3 ga Fabrairu, 1974

Ƙanwata Hindatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Maiwada da mutanen Ajingi baki ɗaya.

Albishirinki, yayanki ya samu aiki. Wasu masu binciken tarihi sun zo daga Zariya suna tona kufanmu na Balan, inda muka tashi kafin a koma bakin titi. Shugabansu, Malam Abdulsalam, ya ji ni tsohon soja ne, ya ɗora ni kan leburori. Aikin abin dariya ne: ƙarti da gemu muna tankaɗe ƙasa da rariya kamar matan da za su tuƙa tuwo.

Amma fa ana samun abu. Can ƙasa sosai mun tono jajayen duwatsun wuya, Malam ya ce masu su sun riga Musulunci zuwa ƙasar nan. Sama da su akwai na gilashi da fatake suka ƙetaro hamada da su. Wai ƙasa hawa-hawa take, kowane zamani da adon matansa. Na ce ashe kwalliyarku ta daɗe tana cin aljihun maza.

Mako mai zuwa za mu shiga tsohon gidanmu, mu fara da bayan ɗakin marigayiya Inna.

Yayanki,
Datti

Ajingi, 8 ga Fabrairu

Yaya Datti,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na ga takardarka, Allah ya sa albarka a aikin.

Yaya, don Allah kada a tona bayan ɗakin Inna. Ku tona zaure, ku tona turken awaki, ku bar wannan wurin. Ka tuna a ɗakin nan na yi wankan jego shekarar da kake bakin daga, kuma ka san yadda jegon ya ƙare. Fiye da haka bakina ba zai iya ba.

Ka gai da matarka Amarya. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Hindatu

Gaya, 17 ga Fabrairu

Hindatu,

Sallama. Ban san da wace fuska zan rubuta miki ba.

Takardarki ta zo a kan lokaci, ba zan ɗora wa direban da ya kawo ta laifi ba. Na karanta na yi murmushi, na ce kewar Inna ce ke damunki. A wajen yaƙi an gaya mini jaririyarki ta koma, na ɗauka maƙabarta aka kai ta. Na manta a garinmu jariri a cikin gida ake rufe shi.

Da hannuna na tona. Ban yi nisa ba na ci karo da ƙaramar tukunya a kife, a ƙarƙashinta 'yar jigida shuɗiya wadda ko wuyan hannuna ba za ta zagaye ba. Har murna na yi. Malam ya duba ya ce wannan ta kanti ce, ta zamaninmu, ya sa ta a ambulan. Na ƙara sara, sai ga ƙyallen likkafani. A nan na gane jigidar. Ni na saye ta a kasuwar Inugu na aiko miki da na ji kina da ciki.

Na ga mutuwa iri-iri a yaƙi ban zubar da hawaye ba. Ranar na zauna cikin ramin na yi kuka a gaban leburorina.

Malam mutumin kirki ne. Nan take ya tsayar da aiki, ya cire hularsa, ya dawo mini da jigidar. Liman ya zo muka gyara wurin, ba a taɓa gawar ba, muka mayar da ƙasa muka kewaye da ƙaya. Sai liman ya tambayi sunan yarinyar don a yi mata addu'a. Na duba hagu na duba dama. Inna da Baffa da suka rufe ta sun rasu, ni kuwa kawunta ban sani ba. Haka aka shafa fatiha babu suna.

Na san 'yar fari ce, kunya ba ta barin uwa ta ambace ta. Amma me ya sa ba ki fito fili kin gaya mini ba? A'a, ni ne ban saurara ba. Ki yafe mini. Jigidar na wurina, ki faɗi yadda zan yi da ita.

Yayanki mai neman gafara,
Datti

Ajingi, 22 ga Fabrairu

Yaya,

Na yafe maka duniya da lahira.

Ranar da ta rasu ban yi kuka ba, don kada a ce ba ni da kunya. Da arba'in ta cika za a mayar da ni ɗakina, na faki idon Inna na kife jigidar da tukunya a kan kabarin yarinyar. Allah bai sake ba ni haihuwa ba, har yau kuma ana yabona da kawaici.

Ka mayar mata da abinta. Ka sake kiran liman. Sunanta Baiwa. Ban taɓa faɗa ba sai yau, ka ce ya ɗaga murya.

Ka huta lafiya.

Hindatu, uwar Baiwa