Kumburin da Na Ɗauka Ƙiba Ce

Birnin Kudu,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Jafaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Fatakwal, Ya kuma yi wa nemanka albarka. Mahaifinka Malam Iliyasu yana nan ƙalau, sai ciwon gwiwar nan da ya ƙi rabuwa da shi. An gama yankan riɗi a Zandam, kuma bana ya yi kyau. Za ka ga Birnin Kudu na rubuta a sama. Yau kwananmu huɗu a asibiti da 'yarka Ummi. Sau uku ina karɓar wayar matarka Juwairiyya don in kira ka, bakina ya ƙi buɗuwa, shi ya sa na nemi takarda.

Ka san halina, idan na kafe ba mai tanƙwara ni. Tun da Ummi ta cika wata shida na karɓe ciyar da ita. Kokon gero nake dama mata, in tace da ƙyalle sau biyu har ya zama tsululu, in kwantar da ita a cinya in ɗura mata. Wata rana Juwairiyya ta dawo daga awon yara, ta durƙusa ta ce an gaya musu a riƙa yin kunun da kauri, a sa gyaɗa ko waken suya, a ba yaro ƙwai da dakakken kifi. Na hau ta da faɗa. Na ce ƙwai yana koya wa yaro ɗauke-ɗauke, kifi kuma ya fi ƙarfin cikinta, kuma yarinyar da aka haifa a gabana ba za ta koya mini reno ba. Ta bar maganar, don kunyata take ji. Da aikin riɗi ya kankama sai ta koma wuni a gona, nono sai safe da yamma, sauran wunin duk kokona ne.

Da Ummi ta shiga wata goma sha ɗaya sai kumatunta suka ciko, ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul. Jafaru, goya ta na yi ina bin gidaje ina nuna wa mata aikin hannuna. Kai ma na gaya maka a waya cewa 'yarka ta zama 'yar lukuta, ka yi ta dariya. Gashinta ya yi ja, na ce gadon dangin uwarta ne. Ta daina wasa, na ce miskilanci ne irin naka. Sai ranar Juma'a ta ƙi kokon, ta ƙi nonon, gudawa ta kama ta, fatar cinyarta ta fara saɓulewa. Ma'aikacin lafiya na Gwaram yana ganinta ya ce mu wuce nan kada mu tsaya ko'ina.

Wata nas mai suna Juliana ce ta karɓe mu. Ta danna babban yatsanta a kan ƙafar Ummi, ta ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi komawa. Ta ce ba ƙiba ba ce, ruwa ne, tamowa ce mai tsanani. Na ce ina, tamowa ai sai gidan da babu abinci. Ta tambaye ni abin da muke da shi a gida, na lissafa mata gyaɗa da wake a rumbu, kaji suna ƙwai, ga zogale a bayan ɗaki. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Cewa kawai ta yi koko tsululu cika ciki yake yi ba ya gina jiki, ɗura kuma tana iya tura shi cikin huhun yaro. Yanzu wata madara suke ba Ummi kaɗan-kaɗan, an rufe ta da bargo saboda jikinta sanyi ƙalau. Likita ya ce sai nan da kwana uku za su iya cewa wani abu. Tsoro nake ji, Jafaru, ko numfashinta ya sauya sai in tashi in kira nas.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yayanka Rabi'u, wanda ya rasu kafin a haife ka, haka ƙafafunsa suka yi, haka gashinsa ya yi. Shekara talatin da biyu ina cewa mayu ne suka kama shi, har na daina gaisawa da wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Sai da na ga yatsan nas ɗin nan na gane.

Ka nemi izini a wurin aiki ka taho, kada ka jira ƙarshen wata. Idan ka iso kada ka ɗaga wa Juwairiyya murya. Ta faɗi gaskiya tun da wuri, ni na toshe mata baki. Duk tambayar da ke ranka, ni za ka yi wa.

Ka gaida Kawunka Sabi'u da Gwaggo Barira da yaransu. Ka ce su sa Ummi a addu'a, ni kuma su roƙa mini gafara.

Mahaifiyarka,
Mero.