Tasar da Ka Aiko daga Kumasi

Zuwa ga Yayana Umaru, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Ina su Yaya Habi da yara? Mu nan Wurno lahiya lau, Inna ma ta ji sauƙi.

Sai dai babbar tasar nan mai walƙiya da ka sawo kantin Bature ta kunyata mu. Ranar sunan ɗan ƙanwarmu Asabe munka zuba kunun tsamiya ciki tun da hantsi, don surukanta na garin Rabah su gani. Da anka kai musu, uwar mijin ta kurɓa, ta tofar, tac ce, "Mi kunka sa ciki, tsatsa?" Na leƙa, kunu ya yi kore-kore, ga ɓawon ƙarfe na yawo bisa kamar ɓamɓaroki. Inna da ta riga ta sha, wuni ta yi tana amai.

Na kai wa Isa maƙeri tasar. Yac ce ruwan dalma ne anka shafa wa tagulla, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Ya nuna min shi ga rana, ƙwaya-ƙwaya, da layuka tsakaninsu kamar tsagewar ƙasar fadama da rani. Ta mahaɗin nan tsami yab bi ya ci.

Yanzu ko kaji ban ba ruwa ciki. Don Allah in za ka sake aike, goro ya ishe mu.

A sa mu addu'a. Ka gaishe da Kawu Bello.

Ƙanwarka, Hauwa.