Ba Za a Farke Jakar Inna Ba

Daren Laraba, bayan sallar isha'i

Har yanzu raina a ɓace yake. Yaya Hadiza ta taso tun daga Kaugama da almakashinta, wai in ba ta 'yar jakar marigayiya Inna mai adon duwatsu ta farke, a yi wa 'yarta Ummi jigidar aure da su.

"Haba Binta," in ji ta, "duwatsun nan fa kwalba ce zalla. Wa yake riƙe irin wannan yanzu?"

Na san kwalba ce. Sarƙa da 'yan kunnen da ke ciki ma ruwan gwal ne, duk sun koɗe. To sai me? Babu bikin da Inna ta je a Haɗejiya ba tare da jakar nan ba, har yau ƙanshin turarenta na ciki. Shekarar da ruwa ya ci gidanmu na Guri, cikin ɗankwalinta Inna ta ƙulle jakar muka shiga kwalekwale. Inda ta yage, da zaren komar Baba ta ɗinke. Ɗinkin yana nan, kore, a karkace.

Na ce, "Yaya, jigida ta cika kasuwa. Wannan kam ba mai taɓa ta."

Ta ce taurin kaina ya yi yawa, ta fice ko sallama babu.

Ranar kamu da jakar zan je, in saka koɗaɗɗiyar sarƙar, in zauna a gaba kowa ya gani.

Yaya ta manta almakashinta a kan tabarma. Na ɓoye shi, sai bayan biki.