Akuyar da Inna ta ƙi sayarwa

Ɗanzomo, 9 ga Yuli

Ƙanena Yazid,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya karatu da zaman jami'a? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Na zo hutu daga Gumel, na tarar da awakin marigayiya Inna sun kusa ƙarewa. Ka tuna Baba ya riƙa ajiye masu haifar uku-uku, yana kai masu haifar ɗaya kasuwar Maigatari? Masu ukun nan ba sa daɗewa. Wadda ta rage da ƙarfinta ita ce Goggo, tsohuwar nan mai ɗa ɗaya da Inna ta hana a sayar.

Abin da nake koya wa ɗalibaina ne ya biyo ni gida: akwai ƙwayoyin gado da ke sa jiki saurin haihuwa da yawanta, su kuma rage masa kwana daga baya. A wajen ɗan Adam rabonsu kaɗan ne, abinci da hutu da asibiti sun fi su nauyi. Amma ka dubi gidanmu. Ana yabon matanmu da haihuwar tagwaye, kuma daga Inna har ƙannenta babu wadda ta yi furfura.

Yayarka Rahamatu tana da ciki, tagwaye ne kuma, na goye bai fara tafiya ba. Na yi mata wannan bayani, ta yi dariya har da riƙe ƙugu, wai malamar kimiyya ta mai da ita akuya. Ka rubuto mata, tana jin maganarka.

Yayarka,
Tayyiba

Ɗanzomo, 2 ga Nuwamba

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Rahamatu ta sauka, mata biyu. Wasiƙarka ta yi aiki. Ita da mijinta Siddiq sun yarda daga wannan za ta huta.

Sai dai ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Tsofaffi sun ce jego ne, a ƙara mata kunun kanwa. Na hana. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji. Haka Inna ta fara, Yazid. Kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Ka sa ta a addu'a.

Tayyiba

Gumel, 20 ga Disamba

Ƙanena,

Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Rahamatu, ya sa ta huta. Kwana ya ƙare, na sani, amma na kasa daina tunanin da mun yi maganar nan tun haihuwar da ta wuce.

Ranar sadakar uku mata suka ɗaga jariran suna cewa madalla, iri bai ɓata ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Siddiq ya ba ni riƙonsu. Madarar gwangwani ta fi ƙarfin albashina, sai na taho da Goggo, wadda ta haihu da kaka. Ma'aikaciyar jinya ta ce nonon akuya bai dace da jarirai ba, don haka shi nake sayarwa in cika kuɗin madara. Goggo ce ke ciyar da su.

Shekara da shekaru ana yi mini jaje don ɗa ɗaya na haifa. Ga alama ni aka bari in tsufa, ni da Goggo. Ka dage da karatun nan. Yaran nan za su girma, kuma ina so mu sami abin gaya musu kafin masu yabo su riga mu.

Yayarka mai ƙaunarka,
Tayyiba