Farantin Rufin Ɗakin Inna

Zuwa ga Yaya Illiassou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sauƙaƙa ciwon ƙafar Balkisa. Ni ma lafiya lau, sai gajiya. Bana shekara tara ke nan rabona da Damagaram.

Moutari ɗan garinmu ya kawo mini farantin da ka sa magini ya ɓamɓaro daga rufin ɗakin Inna. Farantin ya iso nan Lyon a fashe, cikin zanen da kuka naɗe shi. Na san abin da ka gani a waya, farantin Sin na zamanin daular Ming da aka ce kuɗinsa ya sayi gida. Kuma tunda ɗaukar irin waɗannan kaya nake yi a gidan gwanjo, ka ɗauka na san ƙofar sayar da shi. Na dai hau jirgin ƙasa na kai shi Paris wurin wata tsohuwa masaniyar tangaran. Ta juya gindinsa, ta haska shi da fitila, ta ce lalle na Sin ne, amma na ƙarshen daular Qing, wadda ta zo bayan Ming, irin wanda aka yi ta gasawa dubu-dubu ana lodawa jiragen ruwa. Ta ce ko da lafiyarsa ba zai biya kuɗin tafiyata ba. Da na nuna mata hoton rufin, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni wane ne ya yi wannan ɓarna. Na ce tsufan gini ne.

Ban ga laifinka sosai ba. Kai ke ɗauke da gidan, ni daga nesa nake magana, ko jana'izar Inna ban samu ba. Amma 'yar'uwarmu Saadatou ta ce ka shirya da magini ya ciro sauran farantan rufin bayan Sallah. Kada ka yi. Da kakanmu ya gina ɗakin, cikin ɗanyen laka ya danna su, shi ya sa ba sa fita sai da guduma. Za ka fasa su, rufin ya bi ruwan damina, kuma ba wanda zai saya.

Ka gaida Balkisa da Saadatou da Baba Alasan, ka ce ina neman addu'arsa.

Moutari zai komo da farantin. Gutsure shida na samu a zanen, na manne biyar, ɗayan ya zama gari. A mayar da shi raminsa, giɓin ya fuskanci bango.

Ƙaninka,
Nouhou