Sunana Kawu Yake Ƙonawa A Gindin Motocinsa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka da masu karanta wannan fili. Ina roƙon arziki a sakaya sunana da na garinmu. Ya isa a ce muna kan hanyar da motocin gyaɗa ke bi tsakanin Ƙafin Maiyaki da Tudun Wada. Kuma don Allah kada a yi saurin yanke mini hukunci sai an kai ƙarshe, ko da yake ban ce ina da wata hujja ba. Sau uku ina rubuta takardar nan ina yagawa.

Ni malamin elementare ne, shekara biyu ke nan da fitowata daga kwalejin horon malamai. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma a kan jakinsa na fara zuwa makaranta. Asalinsa gyartai ne, yana ɗinke ƙwarya yana yi mata zane da wuta. Amma tun da manyan motoci suka fara ratsa garinmu sai ya kamu da son su. Zai zauna ya ƙura wa mota ido har a gama lodi, ya koma gida ya fere tukurwa ya tayar da irinta, tsawon kamu ɗaya, tayoyi na sakaina, fitilu na gwangwanin madara, ya dafa ƙaro ya shafe ta har ta riƙa ƙyalli. Direbobi suka gano shi, kowa ya zo sai ya ce a yi masa tasa, har da inda ta lotsa a gefen ƙofa. Wani ma in ya canja wa babbar motar bodi, sai ya dawo da ƙaramar a canja mata. Nawa aikin ɗaya ne: Kawu ya yi karatun allo amma bai san boko ba, saboda haka ni nake rubuta musu kirarin goshin mota da fenti.

Bara da kaka aka aiko makarantarmu cewa za a yi nunin amfanin gona da sana'o'in hannu a Kano, mai abin nunawa ya kawo. Kawu ya shafe wata guda a kan wata mota da bai taɓa yin irinta ba, ƙofofinta na buɗewa, in ka murɗa sitiyari tayoyin gaba su juya. Ya ajiye mini ita ya ce, "Ɗan boko, ga ta nan. Rubuta mini sunana a gindinta da wannan rubutun naku mai farawa ta hagu, Turawa su san da mutane a ƙauye." Malam Edita, na ɗauki buroshi na rubuta sunana, ba nasa ba. Ban san ko zan iya cewa na yi niyya ba, kuma ba zan iya cewa ban yi ba. A watan nan ne Baturen makaranta ya rubuta cewa ajina ba ya taɓuka komai a sana'ar hannu, tsoro ya cika ni. Na ce wa raina ai ni na yi fentin, kuma kamar ni na fara kawo maganar ƙofofin, ko da yake yanzu ba ni da tabbas. Na ce, wa zai juya mota ya duba gindinta? To amma wa ya tilasta ni? Ba wanda ya riƙe mini hannu.

Kawu ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Duk wannan nawa ne? Ashe sunana yana da tsawo haka." Na ce, "Haka boko yake, Kawu, yana jan abu." Kafin a tafi da motar ya samo sakaina da gawayi ya kwaikwayi rubutun tsaf, kamar yadda yake ɗaukar zanen ƙwarya, bai kuskure ko lanƙwasa ɗaya ba.

Motar ta zo ta ɗaya. Aka aiko da takardar yabo, da sunana a tsakiya. Na yi kwana biyu da ita a aljihu kafin na kai masa, ina cewa yau zan faɗa. Yana karɓa ya ɗauko sakainarsa ya gwada, ya ce, "Ga shi kuwa, iri ɗaya. Allah Ya yi maka albarka." Ya kafe ta a zaure, har yau tana nan, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa. Tun daga ranar, duk motar da ya gama sai ya sa ƙusa a wuta ya ƙona wannan suna a gindinta. Motocinsa sun kai Kiru, sun kai Doguwa, duk da sunana suke yawo. Ran nan wani akawun awon gyaɗa ya zo saye, ya juya motar ya karanta, ya ce, "Baba, ashe Malam ne mai aikin, kai dillali ne?" Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wannan? Ko asuwaki ya zo ferewa sai ya yanke yatsa." Akawun ya dube ni, na dubi ƙasa. Shi kuwa Kawu ya ɗauka ba'a ce.

Wataƙila da haka za a yi ta tafiya, sai ga shi an buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu, kuma ni aka ba koyarwa, bayan la'asar. Mutum na farko da ya zo ya shimfiɗa buzunsa Kawu ne. Na ce, "Kawu, da girmanka, ga aiki ya yi maka yawa." Ya ce, "Na iya sunana, saura na mutane. Ko kana tsoron in ƙwace maka aiki ne?" Kuma ya fi kowa saurin ɗauka, don hannunsa ya saba da zane. Makon jiya ya tsayar da ni a ƙofar aji ya ce, "Harafin nan da ka ce da shi irin sunana yake farawa, na duba gindin motata ban gan shi a farko ba." Na ce akwai rubutun manyan baƙaƙe, akwai na ƙanana, za mu zo wurin. Ya ce, "To, kai ne malam." Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba. Mutumin da ya ciyar da ni da ɗinkin ƙwarya, shi nake juyawa da ilmin da ya kai ni na samo?

Yanzu ga inda nake. Ranar Asabar mai zuwa dagaci zai zo da malaminsa su ga ci gaban ajin, kowa zai tashi ya rubuta sunansa a allo, malamin ya karanta da ƙarfi. Kawu ya riga ya gaya wa tsaransa shi zai fara. In na yi shiru, zai rubuta sunana a gaban dattawan gari, a yi masa dariya da furfurarsa. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya a ɗaga ranar, amma har yaushe? Na yi tunanin in koya masa nasa na gaskiya in ce sabon salo ne, amma takardar zaure fa, nan da wata biyu da kansa zai karanta ta. In kuma na je na durƙusa na faɗa, ba zagi nake tsoro ba. Na san shi. Zai ce ba komai, ya sauke takardar, kuma ina jin ba zai ƙara taɓa tukurwa ba. Ko kuwa ni nake faɗa wa kaina haka don in sami hanyar yin shiru?

Jiya ya aiko a kira ni, ya miƙo mini wata 'yar ƙaramar mota, ƙaron bai gama bushewa ba. Ya ce, "Ta malamina ce, ba ta sayarwa ba. Na sa sunana a gindi don kada ka manta wanda ya yi." Tana gabana a kan tebur, na kasa juya ta.

Malam Edita, jama'a, kwana huɗu suka rage. Me zan yi?