Sunan da Ba Ki Faɗa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki, ina sanar da ke mutanen gida a Falanko suna lafiya, hatsi ya shiga rumbu. Ni kuwa yau kwanana huɗu a Tanut, kuma aikinki ne ya kawo ni.

Kin rasu ina shekara ta biyu a jami'a, don haka bari in ɗauko miki daga farko. Na gama lisansi, wato digirin farko, a fannin nazarin zaman jama'a. Yanzu gwamnati ta buɗe neman burs, wato tallafin da take ba ɗalibi ya ci gaba zuwa masta. Masu nema da yawa, kuma ba ƴan fanninmu ake fara tunawa ba. In ban samu ba, karatu ya tsaya nan, kin fi kowa sanin abin da gonarmu take iya ɗauka. Ranar Litinin za a rufe karɓar takardu.

Na kai nawa Damagaram da wuri, ina ganin na yi wayo. Ma'aikaciyar ta jera su a tebur, ta ɗora yatsa a kan takardar ɗan ƙasa, ta ɗora wani a kan diplom, takardar shaidar karatuna. Ta ce nan Ibrahim ne, nan kuma Nomau, to wanne a cikinsu yake neman burs? Ba ta yi mini tsawa ba, Inna, gaskiya ta faɗa.

Kin tuna ranar ɗaukar yara lakwal, makarantar boko? Baba yana ci-rani a Libiya, ke kika riƙo hannuna zuwa gindin aduwa inda malamin ya ajiye tebur da babban littafi. Ya tambaye ki sunan yaro. Kika sunkuyar da kai, kika ja mayafi. Ni ne ɗan fari, ga shi sunan surukinki aka sa mini, ta ina bakinki zai fara? Sau uku yana tambaya kina tona ƙasa da yatsan ƙafa.

Gwaggo Tani maƙwabciyarmu ce ta gaji, ta ɗaga murya daga bayan layi ta ce, “Nomau ne, malam, rubuta!” Ya rubuta. Da sunan nan na zana kowace jarrabawa. Da Baba ya dawo, Allah ya jiƙansa, sai ya je ya ciro mini takardar ɗan ƙasa da sunan yanka, ya naɗe ta a akwati. Takardun ba su taɓa haɗuwa a tebur ɗaya ba sai wannan karon.

An ce maganin abin yana kotun Tanut: shaidu biyu su tsaya gaban alƙali su ce Ibrahim da Nomau mutum ɗaya ne. Kawu Sule ƙanenki ya iso tun shekaranjiya, yana ta yi mini tsiya wai ya zo belin tagwaye. Gwaggo Tani ce ta rage. Ta koma Tarka wajen ƴarta, ƙafa ta yi nauyi, kunne ma haka. Da na same ta a waya na yi mata bayani tiryan-tiryan, sai ta ce, “Wane Ibrahim kuma?” Inna, shaidata ke nan.

Ta yi alkawarin shiga mota gobe Alhamis. Tun safe nake kiran wayar ƴarta ba ta shiga. In Juma'a ta wuce Gwaggo ba ta iso ba, kotu sai Litinin, ni kuma Litinin ɗin ya kamata a ce ina Damagaram. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Tuwo ma Kawu ne yake cinye nawa.

Za ki yi dariya in kin ji abin da na rubuta zan yi bincike a kai: kara da alkunya, da sunayen da matan ƙasarmu ta Damargu suke ɓoyewa. Shafi biyar na cika ina bayyana wa manya amfanin abin. Ban rubuta musu cewa shi ne ya riƙe mini wuya ba.

Ban zo da ƙorafi ba. Ranar da zan tafi jami'a kin kwana biyu kina soya ƙuli-ƙuli, kika ƙulle shi a tsumma, kika miƙa wa ƙanwata ina tsaye a gabanki, kika ce, “Ki ba yaron nan.” Har na shiga mota ba ki dube ni ba. Daga baya ƙanwar tawa ta gaya mini sai da ƙurar motar ta kwanta kika bar bakin hanya.

Jiya a ƙofar kotu na zauna ina tunani, duk duniya ba wanda ya kai ki sanin Ibrahim da Nomau mutum ɗaya ne. Kuma na san da kina raye aka tsayar da ke gaban alƙali, ƙasa za ki duba, ko ɗaya ba za ki faɗa ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Allah ya sa motar Tarka ta tashi, ya sa Gwaggo ta tuna.

Ɗanki na fari,
Yaron nan.